Likkafanin Hajiya Adawiyya

Hajiya Adawiyya ba ta taɓa kiwon ko akuya ba. Ita kaɗai Alhaji Bubayero ya haifa, da ya rasu kuwa rabonta a garkunansa na wajen Disina da shagunan kasuwar Azare ya fi ƙarfin hankalinta. Ta fara jami'a ta bari, ta yi aure biyu ta fito. Abu ɗaya ta riƙe da gaske: a ambace ta. Ta haƙa rijiya, allon sunanta ya fi bakin rijiyar faɗi. Daga baya ta gano gidajen rasuwa. Duk inda aka yi rashi, direbanta zai kai likkafani kafin ruwan wanka ya yi ɗumi, gari ya ɗauka Hajiya akwai tausayi.

Ranar da Saliha ta rasu wajen haihuwa, mahaifiyarta Malama Fanna na zaune a ɗakin da ake wankan. Goggo Kaltum mai wankan gawa ta warware yadin da aka aiko, sai hannunta ya tsaya. Shuɗin hatimi ne a jiki, kamu bayan kamu: Kyautar Hajiya Adawiyya Bubayero. Babu inda za a yanka a tsira.

Maza na waje suna jiran gawa. Hajiya ta leƙo, turarenta ya riga ta.

"Fanna, sai haƙuri. Kin ga yadin? Daga Kano nake sa a kawo."

"Na gani, Hajiya. Har na karanta."

"Ai don a riƙa sa mu a addu'a ne."

"Wa zai karanta a can?"

Hajiya ta gyara mayafi.

Fanna ta kalli 'yarta. Ita ta raɗa mata suna, ba za ta miƙa ta ƙasa da sunan wata ba. Ta tashi ta buɗe akwatinta, ta ɗauko farin yadin da ta jiƙa da zamzam a Makka ta ajiye wa kanta. Da shi aka suturta Saliha.

Na Hajiya kuwa Goggo Kaltum ta tafi da shi. Tana tace gasara da shi har yau, ta ce yadin kam mai kyau ne, sunan ma ya kusa fita.