Mama Hannah da Harshen Inna

Tun ƙarfe bakwai na safe ba ta cika ba Mama Hannah Yaro take buɗe ɗakin gwaji na ƙaramin asibitin da take aiki a Wara. Ba ta iya zama. Ta goge teburi, ta wanke ƙananan gilasan da take ɗiga jini a kai, ta jera su a bakin taga su bushe, sannan ta rungumo madubin gwajinta mai nuna ƙwayoyin da ido ba ya gani. Tsohon yayi ne, da hasken rana yake aiki, don haka yini take tana bin rana da shi: da safe tagar gabas, da azahar bakin ƙofa, da la'asar tagar yamma. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma har yau ba a turo wanda zai gaje ta ba. Tun da na ji haka na kasa natsuwa.

Sunana Shu'aibu, malamin firamare ne ni, kuma Inna, mahaifiyata, ita ta haɗa ni da wannan baiwar Allah.

Bara da damina harshen Inna ya yi fari fat, kamar an shafa kindirmo. Abu ya gangara maƙogwaro. Ta bar tuwo ta koma kunu, kunun ma da hawaye take haɗiye shi. Na karɓo magani a kemis, ta sha kwana bakwai, harshe ya washe. Bayan sati biyu farin ya dawo. Sau uku muna wannan zagaye. Hannuwanta suna ramewa, fuskarta kuwa tana cika, har maƙwabta suna cewa ai ga ta nan tana ƙiba, ni ne mai neman tada hankali. Ni kuwa ina cikin aji ina koyar da lissafi, hankalina yana gida.

Da na kai ta asibiti, nas ta tura mu wurin Mama Hannah. Ta kankari farin kaɗan, ta shafa a gilashi, ta duba, sai ta yafito ni.

"Malam, zo ka gani da idonka."

Na leƙa. Wasu abubuwa ne kamar ƙwan kifi, wasu da ƙarami a goye, wasu sun miƙa zare.

"Dangin yis ne, irin na masu burodi," in ji ta. "Kowa na da shi a baki, har ni. Sojojin jiki, wato fararen ƙwayoyin jini, su ke hana shi yaɗuwa."

"To maganin da anka ba ni jabu ne?"

"A'a, ya yi aikinshi. Irin wannan magani ba ya kashe yis ɗin duka. Hana shi haihuwa yake yi, ya raunana mishi fata, sojoji su zo su cinye shi cikin sauƙi. In sojojin ba su zo ba, ran da magani ya ƙare, ran nan yis zai miƙe. Tambayata ita ce, ina sojojin Inna sunka tafi?"

Ta ɗebi jini. Gwaje-gwajen da nake tsoro duk suka fito lafiya, sai sukari da ya ɗan hau. Fararen ƙwayoyin ma suna nan da yawa. Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi, ta tsaya tana kallon fuskar Inna.

"Suna nan amma ba su faɗa. Wani abu ya kwantar da su. Inna, akwai maganin da kike sha?"

"Ni? Ban shan komi, ɗiyata, sai abin da Shu'aibu ya kawo."

Da wani ne, nan zai tsaya, ya rubuta sakamako ya miƙa mana. Aikinsa ke nan, ba wanda zai zarge shi. Washegari da ta tashi daga aiki sai ga Mama Hannah a ƙofar gidanmu, kan acaba. Ta zauna a tabarmar Inna, suka yi hirar ruwan sama da tsadar kifi, can sai ta dafa gwiwarta.

"Inna, gwiwar nan tawa ta hana ni sakat. Ke da kike da shekaru, ya kike yi da taki?"

Fuskar Inna ta saki. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da 'yar leda cike da ƙananan fararen ƙwayoyi. Wurin wani mai talla take saya, wanda ke zuwa a kwalekwale ranar kasuwa. Shekara biyu tana sha kullum, ba ta ma ɗauke shi magani ba.

"Tun da na fara shi nike sallah a tsaye," ta ce.

Raina ya ɓaci. Na fizge ledar zan watsa a masai, Mama Hannah ta cafke hannuna.

"Kada ka kuskura! Irin wannan yana kwantar da ciwo, yana kwantar da sojojin jiki tare. Amma jikinta ya saba. Ka yanke mata shi yau, kana iya rasa ta cikin sati. Likita ne zai rage mata kaɗan kaɗan."

Nan take ta rubuta takarda a kan cinyarta, ta haɗa da ƙwayar a ambulan, muka kai wa likita a Yelwa. Ya karanta, ya duba ƙwayar, ya ce abin da ta zata shi ne. Wata huɗu ana rage wa Inna. Aka sake ba ta maganin yis ɗin nan dai da na raina, wannan karon farin bai dawo ba. Ranar da ta cinye malmalar tuwon dawa da miyar kuka, fita na yi waje don kada ta ga idona. Gwiwa kam ta dawo da ciwonta, a zaune take sallah yanzu, kuma har gobe tana yi wa Mama Hannah mita a kan haka, tana kuma aika mata da ƙuli-ƙuli.

Ba ni kaɗai ba ne. Zuliha mai bandar kifi a bakin ruwa ta ce in rubuta nata da sunanta. Shekara uku tana fama da ƙaiƙayin mata, maigidanta har ya fara yi mata kallon zargi. Mama Hannah ce ta gano ciwon sukari ne ke raunana mata jiki, ta kuma sa aka kira shi, ta yi masa bayani har ya sunkuyar da kai.

Mama Hannah, ke ce mai tambaya bayan tambaya, wadda ba ta sallamar mutum don takarda ta cika. Ke ce kika sauko daga ƙauyen kan dutse da cocinki da yarenki, kika zama 'yar gida a kowane zaure na garin nan. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba. Na gode. Inna ta gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar hutawa.

Ku kuma 'ya'yanmu da kuka karanta aikin gwaji kuke zaune a Yelwa da Birnin Kebbi, saura kwana goma sha tara. Wani ya nemi a turo shi Wara, ya zo tun tana nan ya koya daga bakinta.

Jiya na tambaye ta abin da za ta yi in ta ajiye aiki. Ta ce gida za ta koma ta noma gyaɗa. Sai ta dubi mata bakwai da ke jere a benci suna jiran ta.

"Malam, matsa mini. Waccan ta ƙarshe tun daga tsallaken ruwa ta zo, kuma jirginsu ƙarfe huɗu yake tashi."