Tekun da Na Kai Kano

Shekaranjiya ina gyaran kabad na jawo wani tsohon kwali, ina buɗewa ƙanshin daddawa ya buge ni. Babu daddawa a ciki, littattafai ne guda uku, bangonsu ya yi laushi, takardunsu sun koma ruwan ƙasa. Kusan shekara ashirin suna ajiye, amma ƙanshin nan ya ƙi barin su. Sai na tsinci kaina zaune a ƙasa ina dariya ni kaɗai, har ɗiyata ta leƙo ta tambaye ni da Larabci ko lafiya.

A nan Madina aka haife ni, a unguwar Al-Ranuna, kusa da Ƙuba. Mahaifinmu mutumin Kano ne, yana aikin ba da magani a wani asibiti. Ni da ƙannena muna jin Hausa sarai, amma kunne kawai muka ba ta. A ce mana "zo nan," mu amsa da Larabci, a aike mu baƙala, wato kantin unguwa, sayen burodi da Hausa, mu dawo mu ba da bayani da Larabci. Babu wanda abin ya dama sai da Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo zama da mu ina shekara goma sha uku.

Watannin farko ba ta san da mu ba ma, masallacin Annabi ya ishe ta. Da zafi ya shigo kuwa sai tafiya ta gagara. In ba ka taɓa yin hutun zafi a Madina ba, ba zan iya kwatanta maka ba. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ruwan famfo kamar an dafa, titi shiru daga hantsi har la'asar. Kowa yana cikin gida, mukayyif na ta gurnani yana hura sanyi. Mu muna gaban talabijin, Kaka tana kan dardumarta da carbi. Ta yi mana magana mu amsa da abin da ba ta ji, ta dube mu ta girgiza kai.

Ran nan Baba ya dawo aiki ya ce takardun zamanta za su ƙare ƙarshen hutu, yana so ya sabunta. Kaka ta ce a'a, ya yankar mata tikiti.

"Inna, mutane na sayar da gona su zo garin nan, ke kuma ki ce za ki tafi?"

"Garin ba shi da laifi," in ji ta. "Amma bakina ya kusa yin tsami. Na yini ban yi hira da kowa ba sai carbina."

Wallahi maganar nan ta soke ni. Ina son tsohuwar nan. Ita ke yi min kitso, ita ke ɓoye min ƙanzon tuwo, in Mama ta ɗauko faɗa bayanta nake gudu. Ban taɓa lura cewa ban taɓa ba ta labari ko ɗaya ba.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo Umra da tsaraba: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, da littattafan hikaya biyu da ta cusa a tsakiya, wai 'yan matan gida ba su da aiki lokacin hutu sai karanta su. Labarin kashi uku ne. Na ukun kuma? Ta ce a filin jirgi aka ce kayanta sun yi nauyi, ta tsaya tana zaɓe tsakanin littafi da ƙullin kuka, kuka ta ci.

Kaka ba ta karanta boko, ajami ta sani, idonta ma ya yi rauni. Ni kuwa na koyi baƙaƙen a darasin Turanci. Ta miƙo min na ɗaya ta ce, "Balarabiya, karɓi, mu ji ko bakin naki zai lanƙwasu." Na karɓa na buɗe ta inda hannuna ya saba buɗe littafi, wato ta dama, na fara karanta shafin ƙarshe. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta juya min shi.

Daga ranar, kullum bayan azahar sai in zauna gefen darduma. Labarin wata yarinya ne da ta shiga jirgin ƙasa neman yayanta da ya bar gida bai dawo ba. Da farko ina karantawa kamar mai tafiya kan tsakuwa, Kaka na gyara min tana tsokana. Bayan mako biyu na fara gudu. In yarinyar ta amince da wanda bai dace ba, Kaka ta tafa hannu ta ce, "Kai, wannan 'ya da wauta take!" Ni kuma in kare ta, mu yi ta musu. Ban ma ankara ba da wane harshe nake musun. Ƙannena suka kashe talabijin suka matso, Mama ta riƙa kawo shayi da dabino tana laɓewa a bakin ƙofa. Ban taɓa yin hutu mai daɗin wannan ba.

Sai littafi na biyu ya ƙare, saura mako biyu a koma makaranta. Ya ƙare ne daidai inda yarinyar ta sauka a tasha, wani ya kira sunanta ta baya. Kaka ta yi ajiyar zuciya ta ce shi ke nan, sauran ta ji a gida, jikokinta na can Kano za su karanta mata.

Washegari na naɗe littafi na biyu da takardar kalanda don kada ta gane bangon, na zo na ce ashe Gwaggo mantawa ta yi, na tsinci na uku ƙarƙashin kuɓewa. Allah Ya yafe min. Na buɗe, na kafa ido a shafi, na fara zuba labari daga kaina.

Matsalar ita ce ban taɓa taka Kano ba. Abin da na sani shi na zuba. Yarinyar ta shiga layi wajen mai tanderu ta sayi tamis, burodin nan mai faɗi da muke karyawa da shi. Wata tsohuwa ta sauke ta da gahawa da dabino. Aka kira salla, duk kasuwa ta ja ƙofofin ƙarfe ta rufe. Kaka ba ta ce komai ba sai "To, Allah Sarki, sai kuma me?" Na ji daɗi, na ƙara wuta. A rana ta goma na kai yarinyar bakin teku, irin na Yanbu da Baba ke kai mu, a bayan ganuwar Kano, ta iske yayanta yana gyaran komar kamun kifi cikin kwalekwale. Suka rungume juna. Ni kaina na yi kuka.

Daidai nan Baba ya shigo da fasfo ɗinta a hannu, ya ce yau ce ranar ƙarshe, tikiti ko sabuntawa.

Kaka ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Shekarata saba'in a Kano, ban san muna da teku ba sai yau."

Na sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Tun ranar farko na gane, ja'ira. Kina karatu kina juya shafi ta baya, hannunki ya koma gida. Amma kwana goma ke nan jikata na yi min hira da bakinta, wa zai katse ta?" Ta juya wajen Baba. "Je ka sabunta. Ina so in ji yadda za su dawo da kifin."

Ihun da muka yi ran nan, sai da maƙwabciyarmu ta buga ƙofa.

Shekara tara Kaka ta ƙara tare da mu, kuma a garin nan take kwance, kamar yadda Baba ya yi mata fata. Littafi na uku na gaskiya ya iso bayan shekara guda, wani alhaji ya kawo. Na ɗauko zan karanta mata, ta ce in ajiye, yarinya ai ta riga ta ga yayanta.

Yanzu labarai a waya suke, kashi ɗari ma in kana so, babu wanda zai bar maka ƙarshe a filin jirgi saboda kuka. 'Ya'yana kuma da Larabci suke amsa min, kamar yadda na yi wa tsohuwar nan. An ba su hutu makon jiya, zafi ya kulle mu a gida. Ɗiyata da ta leƙo, na ce ta zo ta zauna, na miƙa mata littafi na ɗaya. Ta shinshina ta yamutsa fuska, sannan ta buɗe shi ta dama. Na juya mata shi. Na ukun kuwa na mayar cikin kwali, na tura can ƙarshen kabad inda hannunta ba zai kai ba.