Akusan Inna a ƙofar mota

Ko tsufa ya ɗauke mini komai, ba na jin zai ɗauke mini abin da ya faru a gidanmu shekarar fārin nan, lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa. Damina biyu a jere gero bai yi ido ba. Mazan garinmu Matameye sun watse biranen Najeriya, amma maigidana ya zauna, saboda yana da tsohuwar mota da yake jigila tsakanin gari da Ɗan Barto da ke bakin iyaka, ga kuma Inna mahaifiyarsa da ta fara rauni.

Wata rana ya shigo da kwali, muka zata tsaba ce. Da ya buɗe sai ga lasifika biyu na mota da wani ɗan cirani ya sayar masa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ya yi ta lallashina, wai motoci sun fi fasinja yawa a tasha, kuma wadda ke da kiɗa ita ke fara cika. 

Sai aka tarar sun fi ramin ƙofar motar faɗi. Kafintan unguwarmu ya ce sai an yanko zoben katako a zaunar da su a kai, ga shi iyaka a rufe, katako ya yanke masa. Inna na jin haka ta shiga ɗaki ta fito da akusa biyu baƙaƙe, waɗanda marigayi mijinta ya ci tuwo a cikinsu har ya bar duniya. Maigidana ya ce ba zai iya ba.

"Ungo, ka kai masa," in ji ta. "Me muke zubawa a ciki?"

Ina leƙe ta zaure kafintan ya sa zarto ya cire gindinsu, ya goge baki, ya kafa su a ƙofofin da ƙusa. Suka zauna daram. Inna ba ta fito ta gani ba.

Gaskiya dabarar ta ci. Motarsa ta riƙa cika, muka riƙa ɗora tukunya ko sau ɗaya a yini. Abin da ban sani ba shi ne irin mutanen da yake ɗauka, sai ranar da na bi shi zan duba iyayena. Mutanen Kurni ne da Dungu, da tabarmi da ƙullin tsumma, sun rufe gidajensu za su nemi hanyar tsallakawa Najeriya. Kaset na ta kiɗa, ba mai ko gyaɗa kai. Mun wuce shingen sojoji kenan wani dattijo ya dafa kafaɗar maigidana.

"Ɗana, don Allah kashe. Jiya na binne jikata."

Ya kashe. Har muka isa, kukan inji kawai ake ji. Na dubi fuskarsa na ga hawaye na bin gemunsa, abin da ban taɓa gani ba tun aurenmu. A hanyar dawowa ya ce mini kullum da kunya yake kunnawa, amma in ya tuna tukunyarmu sai ya ƙara murya.

Bai sake kunnawa ba. Fasinja suka koma wasu motoci, ciwon Inna ya tsananta, kafin ruwa ya sauka muka rasa ta. Daga baya wani Alhaji na Damagaram ya karɓi motar ya ba mu hatsi, da shi muka ga kaka. Maigidana ya bi sahun 'yan cirani, bai ƙara riƙe sitiyari ba har ya rasu.

Tun daga lokacin, in na ga magidanci na yin abin da ya yi kama da shiririta a cikin tsanani, nakan kama bakina. Wanda ke ciyar da gida shi ya san abin da yake haɗiyewa kafin a ɗora tukunya.