Cigiyar raƙumi ta ja min gora a ka

Jama'a, yau rubutun Buzaye ya fasa min goshi!

Jiya Agali, wani Buzu makiyayi, ya turo min cigiyar raƙuminshi da ya ɓace, da rubutunsu na tifinag, ya ce in buga a shagona na fotokofi a Mayahi. Na buga, sai ga ƴan akwatuna a jere. Ni da ban iya karatunsu ba, na ɗauka haka rubutun yake! Ashe samfurin haruffan ordinatata, wato kwamfuta, ne bai san tifinag ba. Na ba ɗan kabu-kabu ya manna a bakin rijiyar Kanan-Bakashe.

Yau da hantsi sai ga wani manomi, Idi, da gora da takardar nan mai akwatuna. Shanunshi biyu sun mutu cikin farin nan, rijiyar ma ta ƙafe.

"Kai ka zana hatimin da aka kafe mana rijiya da shi?"

Kafin in buɗe baki, ƙwal a goshi! Jini har kan takardu. Agali na shigowa ya zare takobi, maƙwabta suka rirriƙe su.

"Ku dakata, don Allah!" na ce. Jini na zuba na lalubo samfurin da ya san haruffan, na sake bugawa. Agali ya karanta da ƙarfi: farin raƙumi, kunnen hagu a tsage.

Idi ya zaro ido. "Naka ne? Shi ya cinye min ɗan geron da ya tsira!"

Wallahi sabon dambe ya kaure, har injin fotokofina suka tarwatsa!