Tafkin da Matata Ke Shanya a Kai

Jama'a, yau na yi wa mai digiri gyara!

A wajen horon ma'aikatan daji, malaminmu ya nuna mana hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka. Ya dangwala wani baƙin tabo bayan ƙauyenmu Manga, ya ce tafki ne, nan za a yi wa makiyaya mashaya.

Ni da na tsaya a firamare, in yi magana a kore ni? In yi shiru a kai shanu inda ba ruwa?

Na ce, "Ranka ya daɗe, falalen dutse ne."

Muka shiga mota muka je wurin. Ga dutse, ga matata tana shanya dawa!

Malamin ya tuntsire da dariya. "Malam Bawa, daga gobe kai ne idonmu a ƙasa."