Rigar Gwanjo da Yatsan Godiya

Ranar Asabar ce, saura mako biyu a yi Ista, shekarar da nake aji biyar na firamare, Mama ta tasa ni gaba daga gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi zuwa kasuwar Tarauni da tsohon cikinta, tana tafiya tana dafe ƙugu. Ko ƙarfe goma ba ta yi ba, amma kwalta tana ƙona ƙafa ta cikin silifas. Ni na ɗauka shago za mu shiga, irin mai gilashin nan da ake rataye rigunan jarirai a cikin leda. Ina! Sai ga mu a gaban wani mai gwanjo ya yanke igiyar sabuwar dila, kaya suka zube a kan buhunan da ya shimfiɗa a ƙasa, wani wari ya buso, warin nan na magani-magani haɗe da na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya yi ni da ƙyanƙyami, kofi ma in wani ya sha ruwa da shi sai na ɗauraye sau uku. Mata suka rufar wa tulin, wannan ta ja hannun riga waccan ta ja ƙafa, gumi yana ɗiga a kan kayan da wai jariri za a saka wa. Mama, malamar makaranta guda, ta nemi kujera 'yar tsugunno ta zauna a tsakiyarsu, ta miƙo mini jaka ta ce in riƙe.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba sauri take yi ba. Duk rigar da ta ɗauka sai ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin da yatsa tun daga wuya har ƙasa, in ta ji zare ya zazzago ta jefar. Ta cusa dunƙulen hannunta ta wuyan, in bai wuce salin-alin ba ta jefar. Har goga yadin take yi a kumatunta, tir, kayan da ba a san daga jikin wa suka fito ba! Mai santsi da ƙyalli ko kallo bai ishe ta ba, auduga kawai take nema, mai maɓallai a tsakanin ƙafafu yadda za a canza nafkin ba sai an tuɓe yaro ba. Kuma duk manya take ɗiba, na ɗan wata shida, na ɗan wata tara. Da na ce mata ai jaririn nutsewa zai yi a ciki, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Babba dai a naɗe mata hannu. Ƙarama fa, me za ki yi mata?" A cikin abin da ta zaɓa akwai wata ruwan ɗorawa, riga haɗe da wando, gwiwoyinta sun ɗan koɗe, a bayan wuyanta kuma an rubuta wani sunan Turawa da biro. Ita Mama ta fi so, don ta ce duk ta fi laushi.

Ashe Jummai 'yar ajinmu ta gan mu, gidansu yana bakin kasuwar. Ranar Litinin da aka fita tara, muna tsakiyar 'yar gala-gala a gindin darbejiya, ta tsaya da ƙafa ɗaya ta sanar wa kowa cewa shekaranjiya ta ga uwar Saratu tana tonon gwanjo. Ta ce wai ba mu sani ba, gwanjo kayan matattu ne, in yaron Bature ya mutu sai a tuɓe masa riga a cusa a dila a aiko mana. Yara suka yi ta toshe hanci suna matsawa daga kusa da ni. Sai sunan nan na biro ya faɗo mini a rai. Na ce a zuciyata shi ke nan, sunan gawar ne.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki takwas, rijiya a tsakiya, bayi biyu a lungu, kwata ta bi ta bayan bayin ta fita waje. Akwai mu 'yan Kudancin Kaduna, da wani ɗan Filato mai aikin asibiti, sauran duk Kanawa ne, babbarsu Inna Hajara, uwar mai gidan, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. A murhunta Mama ta ɗora babbar tukunya ta dafa kayan nan da omo kamar ana dafa ganda. Ni ce mai jan ruwa, ni ce mai ɗauraya, ni ce mai shanya, washegari kuma ni ce mai hura wa dutsen guga gawayi. Na yi duka ina yatsine fuska. Amma ruwan ɗorawar nan ban taɓa ta da hannuna ba, da sanda na tsamo ta na rataya a ƙarshen igiya, Inna Hajara tana kallona tana dariya tana cewa, "Wannan 'ya da iyayi take, sai ka ce ba ta zuwa bayi."

Bayan Ista da kwana uku Mama ta haihu, mace, ƙatuwa, cinyoyi duk sun yi ninki. Ana gobe suna sai ga Anti Ladi, ƙanwar Babanmu, ta sauka daga Abuja da ƙamshin turarenta da wani kwali mai murfin leda. Wayyo, ranar na ga abin da nake kira kayan jarirai! Farar riga fat mai ƙyalli da leshi hawa uku, da hula, da 'yar safa mai kintinkiri ruwan hoda. Mama ta yi godiya sosai, sannan ta yi halin nata: ta juya rigar, ta gwada dunƙulen hannunta a wuya bai shiga ba, ta leƙa cikin safar ta ga zaruruwan roba sun yi cunkus. Ta ce, "Ladi, kayan nan na sabon haihuwa ne, wannan kuwa ta wuce su tun a ciki. Ga zafi. A ajiye kusa da ita a ɗauki hoto." Anti Ladi ta kumbura, ta fita tsakar gida tana cewa 'yar ɗan'uwanta ba za ta fita suna da tsumman bola ba. Ni kuwa ina gefenta ɗari bisa ɗari, har wani daɗi na ji an samu babba mai hankali a gidan.

Da sassafe Inna Hajara ta yi wa jaririya wanka, ta ja Mama bayi don nata wankan na ruwan zafi. Mama tana fita daga ɗaki ta ce in saka wa yarinyar ruwan ɗorawar nan, in naɗe hannu da ƙafa. Na tsaya ina kallon rigar a kan gado. Ƙanwata, ranar sunanta, a cikin kayan gawa? Na sa yatsu biyu na ɗauke ta, na zaga bayan bayi na jefa a kwata, na danna da sanda har ta nutse. Sannan na kira Anti Ladi. Mu biyu muka yi kokawa da wuyan farar rigar har ya wuce kan, fuskar yarinyar ta yi jajur. Safar kuwa ni na saka da hannuna. Ta hagun ta ƙi shiga, na ja, na murɗa, na tura har ta zauna, ina jin daɗin yadda kintinkirin ya yi kyau. Kafin Mama ta fito, fasto da dattawan coci sun cika tabarma, Anti Ladi ta riga ta miƙa jaririya hannun Baba. Mama ta dube ni sau ɗaya, ta juya wajen baƙi. Aka yi addu'a aka raɗa mata Godiya, tana ta tsala kuka.

Kukan nan bai tsaya ba. Mama ta so ta tuɓe ta tun da hantsi, dangin Baba suka ce haba, a bari mai hoto ya zo, a bari 'yan zumuntar mata su gani, ai kuka lafiyar jariri ne. Har yau in na tuna yinin nan raina ɓaci yake yi. Mata cike da tsakar gida, hannu duk maiƙon shinkafa da nama, wannan ta karɓe ta ta sumbace ta da bakin miya, waccan ta jijjiga ta tana yaba leshi, kowa kuma likita ce: ciwon ciki ne, a ba ta ruwan ɗumi, nono ne bai ishe ta ba, a'a baki ne ya kama ta don ta cika kyau. Babu wadda ta ce a duba jikinta, rigar suke kallo. Sai wajen la'asar Allah ya kawo mafita ta hanyar da na fi ƙi a duniya. Godiya ta saki kashi, irin na jarirai mai ruwa-ruwa, ya fice ta gefen nafkin ya bi gadon bayanta har wuya, leshi hawa uku ya jiƙe sharkaf, ya zubo a cinyar Anti Ladi. Rigar ba ta da maɓalli a ƙasa, sai dai a cire ta ta kai, a shafe wa yarinya fuska da ƙazanta. Inna Hajara ba ta nemi shawarar kowa ba, ta ɗauko almakashi ta tsarge rigar daga wuya har ƙasa, Anti Ladi tana ihu tana cewa daga waje aka kawo ta.

Da Inna Hajara ta zare safar hagu sai na ji ta ce, "Innalillahi! Maman Saratu, zo ki gani." Yatsan kusa da ƙaramin ya kumbura ya yi baƙi kamar ɗinya. Zaren roba ɗaya daga cikin safar ya naɗe shi, ya nutse cikin nama har ba a ganinsa, tun safe yana yanka. Maƙwabcinmu ɗan Filato ya duba ya ce kada wanda ya sa reza, a tafi asibiti yanzu, in jini bai koma ba yatsan zai tafi. Mama ta naɗe Godiya a zani, ita da Baba suka fita a guje, ɗanyen jego ko takalmi babu. Na zauna a bakin rijiya ina kallon hannuna. Na sha jin ƙyamar abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ta kaina a ranar ba.

Gab da magariba suka dawo, an ciro zaren, an naɗe ƙafar da bandeji, an ce yatsan zai tsira amma a riƙa kawo ta wanki. Mama ta zauna a bakin gado ta ce in miƙo mata ruwan ɗorawar, don ita ce mai faɗin ƙafar da bandeji zai shige. Nan na fashe da kuka na faɗi komai, har maganar Jummai. Na zaci duka zan sha. Ta ce kawai, "Je ki ɗauko." Ni Saratu, mai ɗauraye kofi sau uku, na durƙusa a bayan bayi na zura hannu har gwiwar hannu cikin baƙar kwatar gidan mutum talatin, ranar suna, da ruwan wanke-wanke da guntun shinkafa da abin da ba zan faɗa ba. Na yi amai sau biyu kafin na lalubo ta. Na wanke, na dafa a murhun Inna Hajara, na sake wankewa, ba sanda. Washegari da ta bushe Mama ta shimfiɗa ta a cinyarta ta nuna mini gwiwoyin da suka koɗe. Ta ce, "Kin ga nan? Rarrafe ne ya cinye shi. Yaron nan bai mutu ba, girma ya yi ta yi masa kaɗan. Sunan kuma uwarsa ce ta rubuta don kada ta ɓata." Godiya ta saka rigar nan a naɗe, ta saka ta a warware, har ita ma ta yi rarrafe a cikinta ta ƙarasa huda gwiwar.

Yau Mama ta shekara shida da rasuwa, Inna Hajara ta riga ta, gidan ma an rushe an yi shaguna. Godiya tana Unguwar Gano da mijinta da cikin fari wata takwas, yatsan nan yana nan da zobensa na tabo, farcensa bai taɓa fitowa daidai ba. Kullum sai ta turo mini hotunan kayan jarirai daga masu talla a waya, duk ƙyalli da leshi da kintinkiri, wai Yaya wanne ya fi kyau. Asabar da ta wuce na hau adaidaita na tafi kasuwar Tarauni. Warin dila yana nan yadda na san shi, kuma har gobe ba na son sa, sai da na toshe hanci da gefen gyale. Na nemi kujera 'yar tsugunno na zauna cikin mata, na juya riga na bi ɗinkin da yatsa, na cusa dunƙulen hannuna a wuya, na ɗebi manya. Can na tsinci kaina ina goga wata a kumatu, na juya in miƙa jaka, sai na tuna ba ni da wanda zan tambaya ko na zaɓa daidai. Ashe ba gwanjo Mama take tonowa ba a ranar nan, jikin 'yarta take tsarewa tun kafin ta gan ta.