Ranar da Na Ba San Baba Gyauron Dawa

Shekarar da ɓarayin daji suka kore shanun ƙauyenmu, can gefen Ruma, sa ɗaya ya rage wa mahaifina, shi ma don ranar yana ɗaure a gida da ciwon kofato. Da shi ake huɗa, a haɗa shi da na maƙwabcinmu, wani dattijon Bafulatani da muke kira Baffa. Kiwo a daji kuwa ya ƙare, sai dai a kawo wa dabba abinci har turke.

Lokacin ina koyarwa a Safana, ina zuwa gida ƙarshen mako a kan babur. Ni na kawo shawarar a ware filin bayan gida a shuka dawa cunkus, ba don hatsi ba, don a riƙa yanka wa sa. Baba ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin an yi wa dabba gona ba. Na yi ta zuba masa bayani, ni ɗan boko, har ya gaji ya ce in yi. Dawa kuwa ta yi kyau. Da ta kai kafaɗa muka yanke, sa ya ci ya murje, ni kuma na fara jin kaina.

Sai ruwa ya ɗauke kusan mako biyu. Kututturan da muka yanke suka fito da sabon toho, wato gyauro, ya yi yaushi a rana, sannan yayyafi ya sauka ya farfaɗo kore shar, ko gwiwa bai kai ba. Na iso ranar Asabar da hantsi, Baba yana gona. Na ga ganye mai taushi, na ce yau sa zai ga gata. Na yanko runguma guda na zuba masa.

Ban daɗe da shiga ɗaki ba na ji wani irin nishi. Na fito na tarar da san yana haki, yawu na zuba, jiki na ɓari, ya durƙusa da ƙafafun gaba. Wallahi ban san sadda na isa gidan Baffa ba, ko takalmi babu. Muka dawo tare da sauri.

Baffa ya ɗaga ragowar ganyen ya dube ni. "Malam, gyauro ka ba shi? Kuma bayan fari?"

Na ce shi ne. Ya sa aka kawo man gyaɗa a kwalba, na riƙe ƙaho, ya ɗura masa. Yana ɗurawa yana yi mini faɗa. Ƙaramar dawa dafi ce, in ji shi, balle wadda ta sha fari. A bar ta ta wuce ƙugu, in an yanka a baza ta yini guda ta sha rana tukuna. Ya ce sa'ata ɗaya, Baba ya cika masa ciki da dusa tun safe, shi ya sa bai ci da yawa ba.

Baba ya dawo da azahar. Ya wuce ni ya tsuguna kusa da san ya ɗora hannu a wuyansa. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Tsoro nake ji, da kunya, don in san nan ya tafi, huɗar gonar wake ta bana ta tafi, harawar rani ma haka.

Bayan la'asar ya yunƙura ya miƙe. Ya yi kashi, ya tsaya jim, sai muka ga ya fara tuƙa. Baffa ya kakkaɓe riga ya ce, "To, ya tashi." Ban taɓa jin daɗin kallon dabba tana tauna ba kamar ranar, har sai da na zauna a ƙasa.

Na ɗauko fartanya na ce zan je in tumɓuke dawar nan duka.

"Ka tumɓuke ya ci me?" in ji Baba. "Bar ta ta girma." Bai ɗauke hannu daga wuyan san ba. Ya ce a hankali, "Ka dai riƙa tambaya. Ba ni da wani san."